Lamba Sha Biyu a Kurmi

Da Sarkin Baka Jatau ya rasu a Dakko, abin da ya bari ba shi da yawa: gatari, jakar layu, bindigarsa da ake kira 'Yar Baƙa, da madubin hangen nesa guda biyu. Gona kam babu zancenta. Shekara biyu ke nan da katafilolin kamfanin da ke aikin madatsar Bakalori suka bi ta kanta suka baje ta tare da gonakin kowa, aka ce a jira sai an gama hanyoyin ruwa.

Bindigar ita ce abin magana. A wurin maharban Dakko, wanda ya riƙe 'Yar Baƙa shi ne Sarkin Baka. Shi ke shiga gaba ranar farauta, shi ake kai wa cinyar duk naman da aka kashe. Mutum biyu ke son ta. Akwai Bube, ƙanen mamacin, wanda ya shekara talatin yana bin bayan wansa a daji. Akwai kuma Nasidi, ɗan mamacin, wanda ya ajiye harbi ya shekara uku yana riƙe wa wani Bature mai awon ƙasa sanda, yana kuma shafa jan fenti a jikin itatuwan da za a kayar. Tun ranar da aka kayar da tsamiyar da Jatau ke hutawa a gindinta, Bube bai sake amsa gaisuwar Nasidi ba. Ko a wurin jana'iza, ɗaya na wannan ƙarshen sahu, ɗaya na wancan.

Jatau ya san halin mutanensa. Shi ya sa kafin ya cika ya damƙa bindigar a hannun yayarsu shi da Bube, Gwaggo Taiba, ya ce ta riƙe amana har a yi arba'in. Ta naɗe ta a tsohon zane ta tura ƙarƙashin gado.

Saura kwana biyu sadakar arba'in, Gwaggo ta aika aka kira su, aka kuma kira Ɗanlami, tsohon maharbin da ya fi kowa shekaru a garin. Tabarma biyu ta shimfiɗa a tsakar gida, don ta san ba za su zauna a ɗaya ba. Bube ya gaishe ta, ya tambayi ƙafarta mai ciwo, ya gaida Ɗanlami da iyalinsa da gajiyar zaman makoki. Nasidi ya durƙusa ya ce, "Baffa, ina wuni?" Bube ya dubi katanga.

"To, al'ada kun san ta," in ji Ɗanlami. "Ran arba'in ɗin Sarkin Baka naman daji aka dafawa gida nai, ba na kasuwa ba. Jibi da safe ku fita, kowa shi kaɗai, kowa da bindiga tai. Wanda yak kawo mai ƙafa huɗu kafin la'asar, da kai da fata, shi ad da 'Yar Baƙa. In ku duka kun kawo, a dubi wanda nama nai yaf fi girma." Ya tsaya ya gyara zama. "Kuma dokar fito tana nan. Maharbi in ya ga ɗan'uwa nai ya saita bindiga ga abin da ba na harbi ba, mutum ko dabbar gida, shi sa yatsa baki shi yi fito sau biyu. Ko da ba su ga maciji."

"Ɗan kamfani ya san fito?" in ji Bube, fuskarsa na wajen Ɗanlami. "Su ai usur aka busa musu su yi layi."

"Na san shi, Baffa. Wanda yak koya maka shi yak koya mani."

"Ɗanlami, gaya ma mai fenti ba da shi nika magana ba."

Ana cikin haka jar akuyar Gwaggo ta shigo da ƙaton cikinta, ta nufi gefen tabarmar Bube ta kama ci. Akuya ce mai tsagaggen kunnen hagu, Gwaggo ce ta tsaga shi da kanta don shaida. Ta kore ta da mafici tana mita. "Wagga akuya za ta kashe ni. Tun da anka share daji ba ta da wurin kiwo. Da safe ta fita, sai yamma nika ganinta, Allah kaɗai ya san inda taka zuwa."

Ta shiga ɗaki ta fito da madubin nan biyu ta ajiye tsakanin tabarmin. Baturen awon ne ya ba Jatau su ranar da zai koma ƙasarsu, don Jatau ne ke kai shi harbin zabi duk Lahadi. Mutanen Dakko na kiransu idon Nasara. Ɗaya babba ne mai nauyi kamar ɗan dutsen niƙa, an rubuta lamba sha biyu a jikinsa. Ɗayan ƙarami ne, yana shiga aljihun riga, lambarsa bakwai. Jatau bai taɓa shiga daji da su ba, ya ce idonsa ya ishe shi.

Da can Bube ya fi kowa yi musu dariya. Amma tun bara wata farar yana ta fara sauka a idonsa na dama, idon saiti, bai kuwa gaya wa kowa ba. Wata rana da ba kowa a gidan ya ɗauki babban ya hau kan rumbu. Sai ga motocin hanyar Gusau zuwa Sakkwato a gabansa, har da wani mutum zaune a kan buhuna yana cin rake. Tun daga ranar ya sa a ransa cewa maganin idonsa na cikin wannan ƙarfe.

"Waɗanga ma ku raba," in ji Gwaggo. "Babba ka fara sa hannu."

Bube ya miƙa hannu kan babban.

"Baffa, ina za ka jibi?" in ji Nasidi.

"Kurmi za shi mana," Ɗanlami ya amsa masa. "Ina kuma?"

Wuri biyu ne suka rage wa maharban Dakko. Akwai ɗan kurmin bakin gulbi, wanda kwazazzabo ya hana katafila shiga, inda mazo ke ɓuya. Akwai kuma filin da kamfani ya baje, inda barewa ke biyo sabuwar ciyawa.

"In kurmi za ka, ɗauki ƙaramin," in ji Nasidi. "Lambar ga ba ƙarfi ba ta. Sha biyu, abin da ke taki ɗari da ishirin za ka gan shi awa taki goma. Bakwai, taki saba'in awa taki goma. Amma babban, yadda shika jawo abu kusa haka shika matse maka wuri, awa mai leƙe ta cikin kara. Hannunka ya motsa kaɗan, shi ya motsa sau sha biyu. Ga shi ba shi son inuwa. A kurmi ba ka ganin abin da ya wuce taki arba'in, mi za ka jawo? Ganye za ka gani da girman faifai. Ƙaramin ad da faɗi da haske. Babban na fili na."

Bube ya juyo. Karo na farko ke nan a shekara biyu da ya dubi ɗan wansa ido cikin ido.

"Kai ina za ka?"

"Fili."

Bube ya yi wata dariya marar daɗi. "Ɗanlami, ka jiya? Shi shi ɗauki babba, ni ƙanen uba nai in ɗauki na yara. Haka 'yan kamfani sunka yi muna a kan gona. Ku kawo babba mu ba ku mai ruwa. Ga mu nan zaune muna jiran ruwa."

"Gaskiya nika gaya maka."

"Gaskiyar da ka ƙarewa cikin aljihunka."

"Ina son shi, ban ɓoye ba. Amma ko ba ni so, ba shi yi maka amfani a kurmi."

"Tun kana goye nika shiga kurmin ga. Kuma ko ban je makarantar Nasara ba, na san sha biyu ta fi bakwai." Ya rataya babban a wuya ya miƙe. "Yaya, a tashi lafiya."

Nasidi ya ɗauki ƙaramin ya jefa a aljihu kamar wanda aka ba ragowar tuwo.

Ranar arba'in, ana idar da sallar asuba suka fita. Bube ya yi gabas wajen gulbi, Nasidi ya yi yamma.

Filin kamfani shimfiɗe yake kamar tafin hannu, jar ƙasa har iya ganin ido, sai turakun awo da hanyoyin ruwa na siminti waɗanda ba a sako musu ruwa ba tukuna. Nasidi ya hau wani tudun ƙasa ya ɗora madubin a ido. Fili ya buɗe masa fes, daga wannan gefe har wancan, ba rawa ba duhu. Can nesa ya hango ɗigo-ɗigo guda biyu masu launin ƙasa. Ya murza ɗan abin gyaran, ya ƙura ido har hawaye suka zo. Ɗigo dai ɗigo ne. Bakwai ta kawo su kusa, amma ba ta kawo su inda zai ce ga kai ga ƙafa ba.

Ya duƙa ya bi su, yana kula da iska. Tafiya mai tsawo ya yi kafin ya gane tsohuwar gangar kwalta ce da sabon suri a gefenta. Ya zagi gangar, ya zagi wanda ya yar da ita. Ya sake hawa tudu, ya sake hango wani ɗigon, ya sake bi. Wannan karon tarin jar ƙasa ne. Rana ta riga ta ɗaga, rigarsa ta jiƙe. Ya san da sha biyu ce a hannunsa, da ya jingina gwiwar hannu a kan turken awo ya tantance tun daga inda yake, bai ɓata ƙafarsa ba.

Na uku bareyi ne da gaske, su uku, suna kiwo a bakin wata hanyar ruwa. Amma kafin ya matso inda madubinsa zai tabbatar masa, su sun riga sun gan shi. Suka ɗaga kai, suka ɗan matsa, suka ci gaba da kiwo suna satar kallonsa. Ya faɗa cikin busasshiyar hanyar ruwan ya yi rarrafe, siminti na ƙona masa gwiwa. Inda hanyar ta karkata ya leƙo. Ya san wurin. Da akwai marke a nan, da jerin kalgo da sabara da mutum zai bi ta bayansu har ya kusa taɓa barewa da hannu. Shi ya shafa wa marken fenti.

Tsakaninsa da su ya fi taki ɗari, bindigarsa kuwa ba ta wuce arba'in. Ya harba duk da haka. Ƙura ta tashi a tsakiyar fili. Bareyin suka yi tsalle biyu, suka tafi ba ko gaggawa.

A can kurmi Bube ya fara da sa'a. Ƙafarsa da hancinsa ba su tsufa ba. Ya sami sabon sawun mazo a laka, ya shafa da yatsa ya ji danshi, ya bi shi har gindin wata kanya, ya tsuguna inda iska ke busowa fuskarsa. Sannan ya ɗaga idon Nasara.

Kore ya gani, kore kawai. Ganye ɗaya ya cika masa ido, jijiyoyinsa kamar hanyoyin gari. Ya ɗan motsa, sai ga reshe kamar azara. Ya sauke madubin ya zaɓi wata kafa tsakanin itatuwa biyu da idonsa, ya sake ɗagawa, kafar ta ɓace. Ya yi dama ya yi hagu yana nema, duniyar na rawa da numfashinsa, har kansa ya fara juyawa. Inuwar kurmin kuma a cikin gilashin ta ƙara duhu kamar an kusa magariba. Wuyansa ya yi tsami da nauyin igiyar.

Yana cikin wannan lalube ya ji ƙaras a hagunsa. Kafin ya sauke madubin ya ɗauki bindiga, abin da ya gani kawai shi ne farin ƙarƙashin wutsiya da ganye na rufewa. Mazon ya bi ta gefensa, bai fi taki ishirin ba, lokacin da idonsa ke cikin ƙarfe yana kallon ganye. Maganar Nasidi ta faɗo masa a rai, ya tofar da yawu. Ya gwammace ya kwana a nan da ya yarda mai fenti ya faɗi gaskiya.

Wajen tsakar rana ya ga wani ja yana motsi a bayan sarƙaƙiya, can gaba kaɗan. Da idonsa jan ya haɗe da ganye, yanar ta hana shi rabewa. Ya ɗaga madubin a hankali. Wannan karon ya dace. Jan gashi ya cika da'irar gilashin tam, yana ganin kowane sili, har da ƙudan da ya sauka a kai. Ya yi sama don ya ga kai, ya faɗa cikin ganye. Ya yi ƙasa don ya ga ƙafa, ya faɗa cikin ƙaya. Da ƙyar ya dawo kan jan. Bai ga farin zanen da mazo ke da shi a jiki ba, amma ya ce a ransa kafaɗa ce. Shekara talatin yana shiga kurmin nan, ba abin da ke da jan gashi a ciki sai mazo. Dabbar gida ba ta taɓa zuwa nan ba, don da can kiwo na bakin gari.

Ya sauke madubin ya jawo bindiga.

Nasidi kuwa rana ta koro shi daga fili, ya juyo gabas ya zo bakin kwazazzabo neman inuwa. Ya zauna a kan gaɓa yana huci, hannunsa wofi. Don kawai madubin na aljihu, ya ciro ya duba cikin kurmin. Ya sha mamaki. Inuwar ta yi haske, itatuwa suka rabu ɗaya bayan ɗaya. A gefen dama na da'irar ga baffansa tsugune a gindin kanya. A gefen hagu, cikin da'ira ɗaya, ga jar akuyar Gwaggo ta ɗora ƙafafun gaba a kan kututture tana jan ganye, tsagaggen kunnenta na kaɗawa.

Ya ga Bube ya ɗora bindiga a kafaɗa. Ya ga bakinta ya juya wajen akuyar.

Yatsunsa biyu suka tafi baki da kansu. Ya ja numfashi. Sai ya tuna katangar da Bube ya duba, ya tuna mai fenti, ya tuna jakarsa da ba komai a ciki, ga la'asar na tahowa. Ya cire yatsun ya goge a riga.

Ƙarar bindigar ta cika kurmin, tsuntsaye suka tashi.

Ta cikin madubin ya ga Bube ya kutsa sarƙaƙiyar da sauri, ya ga ya tsaya cak. Ya daɗe a tsaye, akuyar na shure-shure a gabansa. Ya dubi gabas ya dubi yamma. Sannan ya zaro wuƙa ya juya ta alƙibla ya yanka. Ya feɗe ta da hanzarin wanda ya saba, ya tona rami a ƙarƙashin saiwar kanyar, ya zuba kai da fata da ƙafafu da kayan ciki, ya rufe ya watsa busasshen ganye. Naman ya ƙunshe a ɗanyen ganye ya saɓa.

Nasidi ya jira har ya ɓace, ya gangara ya tone ramin, ya ɗauki kan da fatar ya cusa a jaka. A hanyar gida wani zomo ya zabura daga cikin hanyar ruwa, ya jefe shi da kere ya samu.

Kafin la'asar ƙofar gidan Jatau ta cika. Maharba na zaune a kan tabarmi, mata a ciki sun ɗora tukwane suna jiran nama. Bube ne ya fara isowa. Aka yi ta yi masa barka, wani ya fara yi masa kirari. Ya sauke ƙunshin a gaban Ɗanlami.

"Sannu da daji," in ji Ɗanlami. Ya buɗe ganyen ya duba, ya ɗaga cinya ya kai kusa da hanci, ya ajiye. "Ina kai da fata?"

"Ƙaramin mazo na. Harbin ya watsa kan, fatar ta yage. Na bar ma daji rabo nai."

Sai ga Nasidi da zomo riƙe a hannu. Dariya ta ɓarke.

"Ku tashi mutum huɗu ku taya shi saukewa," in ji Bube. "Ɗan kamfani ya kashe giwa."

Nasidi ya ajiye zomon a gefen ƙunshin. Ya kwance bakin jaka ya zazzage. Jar fata ta faɗo, kan ya mirgina ya tsaya a gaban Ɗanlami, ƙasa a idanunsa.

"Ga rabon daji, Baffa. Na ɗauko maka, kar shi ɓace."

Wani ya shiga ya kira Gwaggo. Ta fito tana ɗingishi, ta duƙa, ta juya kan, ta kama kunnen hagu ta buɗe tsagar da yatsa. Ta daɗe tana riƙe da shi.

"Kwana nawa ya rage ta haihu," ta ce, ba da kowa ba. Ta ɗago. "Bube."

"Yaya, ja nig gani."

"Ja kag gani."

"Na gaya mai," in ji Nasidi, muryarsa ta hau. "Gaban ki, gaban Baba Ɗanlami, nic ce babban ba na kurmi ba na. Yac ce sha biyu ta fi bakwai. To ga sha biyu nan. Ni da ƙaramin, daga bakin kwazazzabo, na gan shi na gan ta lokaci guda, har kunnen nig gani."

Bai gane abin da ya faɗa ba sai da ya ga yadda maharban ke kallonsa.

"Ka gan shi, ka gan ta," in ji Ɗanlami a hankali. "Kafin harbi ko bayan harbi?"

Nasidi ya dubi zomonsa.

"Da kai nika, ɗan Jatau."

"Ban ji fito ba," in ji Bube. Ya matso har numfashinsa na taɓa fuskar Nasidi. "Idona ya tafi, na yarda, ku duka ku ji. Amma kunnena na nan. Ban ji fito ba. Kana zaune kana kallona awa mai kallon dambe."

"Da na yi, cewa za ka yi na kore maka nama."

"Da ka yi, da ka zama ɗan ubanka."

"Kai da kab binne fata kaka zancen uba?"

Sai da mutum biyu suka shiga tsakani. Ɗanlami ya jira har suka lafa, sannan ya yi magana yana kallon ƙasa.

"Zomo na da ƙafa huɗu, ga kai ga fata. In don wannan na, Nasidi ya ci. Amma yau akuya ta. Gobe mai neman itace ta a bayan sarƙaƙiyar. Ɗaya ya harbi abin da bai ga kai nai ba, ya zo ya yi muna ƙarya. Ɗaya ya gani ya haɗiye fito. Ni dai tsufana bai kai in bi bayan ko ɗaya cikinsu a daji ba. Wanda ka iyawa shi faɗi."

Ba maharbin da ya ce zai iya.

"Ka yi mata yanka?" Gwaggo ta tambayi Bube.

"Na yi."

"To a kai ciki a dafa, mutane sun zo sadaka. Zomon a dafa shi daban, shi na na Jatau, tunda naman daji anka ce. Su biyun ga kar a zuba musu ko romo."

"Bindigar fa, Yaya?"

"Tana inda take."

Kwana huɗu bindigar na ƙarƙashin gado. Bube ya aiko Ɗanlami ya ce zai kawo mata akuya biyu. Nasidi ya zo da kansa ya durƙusa a bakin ƙofarta ya ce shi ma zai kawo, ya ce jinin Jatau ne shi, ba a fitar da gadon uba daga gida. Gwaggo na tsinkar zogale, ba ta ɗago ba.

"Jatau cewa yay yi in riƙe amana in ba wanda yac cancanta. Na duba da idon da Allah yab ba ni, wanda ba lamba gare shi ba, ban ga kowa ba. Akuyarku ku riƙe abinku. Bindigar da tas sa anka kashe tawa, ita ka maido mani da wata."

Ranar Talata da hantsi ta fito da 'Yar Baƙa naɗe a tabarma, ta ɗora a kai, ta kama hanyar da ta ratsa filin kamfani zuwa bakin titi, inda ake shiga motar kasuwar Mafara. Ba wanda ya iya tare ta. Bube ya hau kan rumbunsa da babban madubin, ya jingina gwiwar hannu a kan jinka. A fili kam sha biyu ta yi aikinta. Ya bi ta da kallo har bakin titi, yana ganin ɗingishinta, yana ganin gindin bindigar da ya leƙo daga tabarmar, har yaron mota ya karɓa ya cusa a ƙarƙashin benci. Nasidi na tsaye a bakin hanyar ruwa da ƙaramin. Tun tana tsakiyar fili ta zame masa ɗigo, ya kasa rabe ta da turakun awo. Da ya juyo da madubin wajen gari, sai ga rumbun a ciki, da mutumin da ke kansa.

Da yamma Gwaggo ta dawo ba tabarma, tana jan wata 'yar jar akuya da igiya. Ta zaunar da ita tsakanin ƙafafunta a tsakar gida, ta tsaga mata kunnen hagu da aska, ta shafa toka. Sannan ta kafa turke ta ɗaure ta, ta ce wannan ba inda za ta.

Washegari Nasidi da Bube suka yi kiciɓis a ƙofar masallaci. Bube ya dubi katanga tun kafin a gaishe shi. Nasidi ya sa takalminsa ya wuce.